Ranar da na ajiye kunyar ɗan fari

Shekarun baya, a wata damina da ruwa ya makara sannan ya zo gaba ɗaya, ciyawa ta fi ƙarfin kowa. Samarin garinmu suka koma shan tramol don su jure noma. Ɗana na fari yana cikinsu, ban sani ba sai ran da ya faɗi a gona yana shure-shure.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi. Kakarsa ce ta raine shi. Ni kuwa na riƙe kunyar nan da kyau, har mata na yabona.

Babansa ya ce a ɗaure shi a turke har ya dawo hayyacinsa. Na ce, "Malam, a bar ni in gwada likita tukuna." Ni da yaron muka hau babur zuwa asibitin Gazawa, na ja mayafi har hanci kada a gane ni. Ina zama kan benci wata ta ce, "A'a, ba ke ce mai ƙuliƙulin kasuwar Agye ba?" Sai na saki mayafin, dama zafi nake ji.

Na zaci mahaukata zan tarar. Sai ga dattijo mai amalanke da carbinsa, ga malamin lakol, wato makarantar boko, cikin riga mai guga. Ita mai gaishe ni ma, da goyonta, maganin tari ne ya kama ta. Kowa da ƙafarsa ya zo.

Da muka shiga, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce, "Inna, me ke tafe da ku?"

Na dubi bango na ce, "Wannan yaron ne."

"Wane yaro? Ba a yanka mashi rago ba?"

Ya gane ɗan fari ne, ya daina dariya. Ya ce ba za su kwantar da shi ba, gida zai koma, ya riƙa zuwa duk mako. Amma jiki zai yi ciwo, barci zai ƙaurace, in ba mai zama da shi yana ɗebe mashi kewa, zai koma wurin mai teburin da ke sayar mashi da ƙwayar. Ya juya ga ɗana: "Wa gare ka?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Kakata ce. Ta rasu bara."

Ga ni zaune, gwiwata na taɓa gwiwarsa.

Yau ya rabu da ƙwaya, yana noma da ƙarfin da Allah ya ba shi, har da matarsa da 'yarsu. Mata sun yi ta cewa na zubar da kunya. Na ji, kuma har gobe in na tuna, sanyi nake ji a raina.

Washegarin ranar da muka je Gazawa, da na idar da sallar asuba, na dama kunun tsamiya, na tsaya bakin ɗakinsa. Na kira shi da sunansa na yanka. Na sake kira.

Can ya ce, "Inna, da ni kike?"

Na ce, "Da kai nake. Matsa in zauna."