Nafi'u Gola ya tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan aka bugo min waya daga Fammar, wai Nafi'u Gola ya rasu.

Na kasa zama. In shiga shago, in fito, in sake shiga.

Duk wanda ya buga ƙwallo a Kibiya ya san shi, shi ne golanmu. Ranar da na karye a fili shi ya goya ni har bakin titi, yana tsokanata wai na fi buhun masara nauyi. Daminar da na karye ɗin kaf shi ya taya Babanmu noman gyaɗa.

Daga baya ya tafi Kano, ya samu aiki inda ake fasa tsofaffin batura a narka dalmar ciki. Ba safar hannu, ba takunkumi. A wurin suke cin abinci, hannu baƙi ƙirin.

Da ya zo hutun Sallah muka sa shi a raga. Ƙwallon da yaro zai cafke ta suɓuce masa. Muka yi ta dariya. Ashe hannun ne ya fara mutuwa.

Sai ciwon ciki, sai mantuwa, sai faɗa ba dalili. Aka ce sammu ne. Sai da aka auna jininsa a asibiti likita ya ce gubar dalma ce.

Ranar Juma'a na je duba shi. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

"Kabiru, Auwalunku yana can har yanzu?"

Auwalu ƙanena ne, tare suke aikin. Na ce yana can.

"Je ka taho da shi. In ya ƙi, ka jawo shi."

Na kira Auwalu a ranar. Ya ce lafiyarsa ƙalau, cikinsa ne kawai yake ɗan murɗa masa.

Ana idar da jana'iza zan hau motar Kano. Ba zan dawo ni kaɗai ba, in sha Allah.

Ya Allah Ka jiƙan Nafi'u, Ka sa ciwon nan ya zame masa kaffara, Ka ba mahaifiyarsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da Auwalu, Allah Ya sa ya yarda ya biyo ni.