Kwana bakwai ina kai wa dargaza ruwa

Shekarun baya da nisa, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka ɗauke ni aikin gandun daji, aka turo ni gida Dogon Dutsi. Shekarata ashirin da 'yan kai, ga kaki sabo fil, ga takalmin fata mai ƙara in ina tafiya. A ganina duk itacen da ke tsaye a ƙasar Arewa ni yake jira in zo in cece shi.

Aikin farko da shugabana ya ba ni shi ne wani dutsi da ke bayan wani ƙauye a kan hanyar Lugu. Ana so a shata masa iyaka, a kafa allon ƙarfe mai cewa an hana sara. Amma sai mutanen ƙauyen sun yarda, kuma ba sa yarda da komai game da dutsin sai da bakin wani tsoho da ya gaji tsaronsa daga kakanninsa. Shugabana ya ce ya ba ni kwana goma. In na dawo hannu biyu, zai mayar da ni biro, wato ofis, in yi ta kwafar wasiƙu, ya nemi wani. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar zaman biro.

Da zan tafi mahaifiyata ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ce, "In ka tai garin mutane, ka riƙe hannunka, ka saki kunnenka." Na ce to, amma hankalina yana kan taswirar da na riga na zana iyakar a kanta da jan alƙalami, tun ban ga dutsin da idona ba.

Na iske tsohon zaune gindin aduwa yana tufka igiya. Ɗan siriri ne, ƙafarsa duk faso. Na gaishe shi, na zaro takarda, na fara zuba masa bayani a kan amfanin itatuwa. Ya bar ni har na gaji don kaina, sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa hawa dutcin ga?" Na ce a'a. Ya ce, "To gobe mu hau, in mun sauko ka karanta min takardar."

Da hantsi muka kama hanya. An gama girbi, gonaki duk karan hatsi, gawo ya fara ganye. Daga ƙasa dutsin bai yi mini kama da abin tsoro ba, ja ne, samansa a shimfiɗe kamar an yanke shi da wuƙa. Sai da muka shiga jikinsa na san na raina shi. Tsakuwa tana zamewa, takalmina mai ƙara ya fara cin dunduniyata, tsohon kuwa yana gaba da fade ɗinsa na tsohuwar taya, yana tafiya kamar a tsakar gidansa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne itatuwan. A ƙasa kusa da gari duk an sassare geza da sabara, amma a nan ga su nan cunkus, ga taramniya, ga anza, ga ƙirya manya waɗanda ban taɓa ganin irinsu ba. Babu kututture ko ɗaya. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, numfashina nake nema.

Kusa da ƙarshe akwai wani wuri mai tsayi sosai. Ƙafata ta gaji, na ga wata 'yar dargaza a gefen hanya mai reshe miƙaƙƙe, daidai sanda. Na kama, na murɗa, na karya. Ɓas!

Tsohon ya tsaya cak. Ya juyo, ya dubi reshen a hannuna, ya dubi dargazar, sannan ya dubi kakina tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Kai ne anka turo ka hana mu saran icce?"

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ya ce tun kakan kakansa ba a taɓa karya ɗanyen itace a kan dutsin nan ba. Wanda ya faɗi ya bushe, mata su tsinta. Ɗanye kuwa na masu wurin ne, wato iskokin da suka ce suna zaune a ciki. Duk wanda ya karya, zai hau da tulun ruwa ya zuba a gindin itacen har safiya bakwai a jere, kafin nan ba a yin wata magana da shi a kan dutsin.

Na ce, "Baba, ni fa musulmi ne, ban yarda da wannan ba." Ya ce, "Ni ban ce ka yarda da komi ba. Kai ka ji mata ciwo, kai za ka yi jinya. In ba ka so, ga hanyar Dogon Dutci can." Na yi lissafi a raina: kwana biyu sun tafi, in na ƙara bakwai saura ɗaya. Na haɗiye girman kaina, da ƙyar ya wuce.

Washegari na je bakin rijiya da tulun aro. Ku yi tunanin ma'aikacin gwamnati cikin kaki, da gammo a ka. Matan ƙauyen sun yi dariya har da riƙe ciki. Wata dattijuwa ta kira ni da kalmar Faransanci da ake kiran ma'aikata da ita, ta ce, "Mushe, amaryar taka ta bisa dutci ta gode, amma ka rage zubar da rabi a hanya." Gaskiyarta ce, ranar na isa da ƙasa da rabin tulu, sauran yana cikin rigata. Rana ta biyu na ajiye takalmin fata na ari fade.

Rana ta huɗu ita ce ba na mantawa. Na kai tsakiyar hanya, wuyana kamar zai karye, na sauke tulun na zauna. Babu kowa. Zuciyata ta ce mini in zubar a nan, in huta, in sauka, wa zai sani? Na daɗe ina kallon tulun. Ba tsoron iska ne ya tashe ni ba, kunya ce, don na tuna ni ne na zo da bakina ina koya wa mutane amana a kan itace. Na ɗora gammo na ci gaba.

Daga ranar hawan ya fara yi mini daɗi. In na zuba ruwan sai in ƙarasa sama in zauna a bakin dutsin, iska tana kaɗa ni. Daga can ana ganin fadama ta miƙe har inda ido ya ƙare, rumbuna kamar an jera ƙwarya, shirwa tana shawagi a ƙasa da ƙafafuna. Na ga rema suna shan hantsi a kan duwatsu. Na ga hanyar da Fulani ke bi da shanunsu ta gefen gabas zuwa rijiya, da kwazarin da mata ke shiga tsintar busasshen itace. Sai na zaro taswirata na duba: jan layina ya datse hanyar shanun, ya kuma rufe kwazarin. Da na kafa allon nan yadda na zana, da na haɗa faɗa a ƙauyen da ke zaune lafiya. A nan bisa dutsin na soke layin na ja wani.

Safiya ta bakwai tsohon ya biyo ni. Na zuba ruwan, ya durƙusa a gindin dargazar, ya tura yatsansa cikin ƙasa har ya nutse. Ya zaro, ya murza, ya dube ni. Ya ce, "Ƙasar ga ta sha bakwai. Da ka tsallake guda, da na gani." Nan take na tuna rana ta huɗu.

Ya zauna a kan dutsi ya ce, "To, karanta min takardarka." Na karanta, na nuna masa sabuwar iyakar da hannu, ga hanyar shanu a waje, ga kwazari a waje. Ya ce, "Kahwa allonka. Mu dai ba mu karatu, amma baƙi irinka su gani."

Na isa biro ranar ta goma da yamma, dunduniya a ɗaure da tsumman ƙuli-ƙulin mahaifiyata. Shugabana ya yaba mini ƙwarai, ya ce na iya magana da mutanen karkara. Ban gaya masa komai game da tulu ba. Mahaifiyata kawai na gaya wa, ita kuma ta yi ta ba maƙwabta labari har shekara ta zagayo.

Na yi sauran rayuwata a wannan aiki, na shata iyaka da yawa, amma ban sake jan layi a kan wurin da ban taka da ƙafata ba. Har yau in na tuna kwanakin nan daɗi nake ji, har da dariyar matan bakin rijiya.

Bayan na bar aiki na koma ƙauyen sau ɗaya. Tsohon ya daɗe da rasuwa, allona tsatsa ta cinye shi, ko harafi ɗaya ba a gani. Na hau a hankali, ina hutawa, da sandar da na zo da ita tun daga gida. Dargazar tana nan, ta fi ni tsayi. Na buɗe gorar da na riƙo don kaina, na sha kurɓi biyu, sauran na zuba mata.