Mutumin da Yake Gefen Hoto

Ina cikin keke Napep a hanyar Bosso a Minna ranar Talata da safe, sai Asma'u ta kira ni tana kuka, ta ce, "Anti Rifkatu, Baba ya rasu." Baban nata shi ne Malam Tanimu, mai shagon tace bidiyo, ubangidana a wurin aiki na shekara tara. Na ce wa mai keken ya juya unguwarsu, Sauka Kahuta.

Na zo wurinsa da 'ya'yana marayu biyu, ko kunna kwamfuta ban iya ba. Ni Kirista ce 'yar gidan manoma, shi kuwa jikan 'yan kasuwar da jirgin ƙasa ya kawo Minna. Bai tambaye ni komai ba, kujera kawai ya jawo mini kusa da tasa. Sana'ar da nake ciyar da 'ya'yana da ita yau, a kan kujerar nan na same ta.

Aikinmu shi ne bidiyon biki da suna da aka ɗauka da waya a tsaye, hannu na rawa, ana so a kalla a talbijin. Mu gyara girmansa ya dace da allon, mu sa manhaja ta tsayar da rawar. Malam yana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Yakan ce wa masu kawo aiki, "Ka kwantar da wayar mana! Talbijin ɗin gidanku a tsaye yake?" In na ja hoto da ƙarfi don ya cika allo, sai ya ce na mayar da ango buhun shinkafa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, kafin rawar ta tsaya sai manhajar ta cinye gefen hoton. A shekarata ta farko na gyara wani biki daga Zungeru, ya fito sumul, har ina jiran yabo. Malam ya buɗe na asali, ya nuna da yatsa.

"Ina tsohuwar nan mai jan ɗankwali?"

"Malam, ai rawar ta yi yawa."

"Kakar amarya ce. Rifkatu, wanda ya tsaya a gefe, sau da yawa shi ya fi kowa wahala a bikin. Kafin ki yanke, duba wa ke can."

Na ji haushi sosai, kwana biyu ina sake aikin ina gunaguni. Bayan 'yan watanni tsohuwar ta rasu, amaryar ta zo shago takanas ta yi godiya da aka bar kakarta a bidiyon. Ranar na kasa haɗa ido da Malam.

Bayan kwana bakwai da rasuwar Malam, matarsa ta ce tana so ta gan shi a talbijin. Muka bincika shagon kaf. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara hotunan mutane, nasa babu ko ɗaya. Sai wani guntu a wayar Asma'u, ranar Sallah tana ɗaukar jikokinsa, shi yana can gefe yana dariya, yana cewa ta kwantar da wayar.

Na sa manhajar ta tsayar da rawar, rabin fuskarsa ya tafi. Na rage ƙarfinta, kafaɗarsa da hularsa suka tafi. Sai na cire gyaran gaba ɗaya, na bar baƙin fili a dama da hagun allon, na kai gidan.

Matarsa ta kalla, ta ce, "Rifkatu, hoton yana rawa."

Na ce, "Mama, in na tsayar da shi, Malam zai fita."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To bar shi ya yi ta rawa. Sake kunna mini."

Na gode, Malam. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi mini da 'ya'yana. Allah ya ba Mama da Asma'u da 'yan'uwanta haƙuri, ya raya jikokin da kake wa dariya. Kai da ba ka yarda a yanke kowa ba, Allah ya sa kana cikin waɗanda rahamarsa ta game. Amin.