Ɗigon Fenti a Notin Birki

A bakin kasuwar kifi ta birnin Manaus, Wanderlei ɗan acaɓa yana zaune kan babur ɗinsa, yana kallon wata mata tana bin layin babura ɗaya bayan ɗaya. Gajera ce kakkaura, furfura ta fara cin goshinta, rigar ma'aikatan kamfanin haɗa babura a jikinta, kifin tambaki a leda. Ba ta duban fuskar kowa. Durƙusawa take yi a gindin kowane babur, ta goge ƙurar notin birki da babban yatsa, ta miƙe ta yi gaba.

Hannunta yake kallo, tafin duk ya yi kanta. Yana ayyana shekarun da ta yi a tsaye, babura na zuwa mata tsirara suna wucewa, ba ta san wanda zai hau su ba.

Ta iso nasa, ta goge. Sai ga ɗigon fenti ruwan ɗorawa mai 'yar jela ta hagu.

"Inna, wani abu ya ɓace miki ne?" in ji shi.

"Na same shi. Duk notin da muka ɗaure sai mun ɗiga masa fenti. Mai jelar nan nawa ne, bahaguwa ce ni."

"To sauran fa?"

"Su ma 'ya'yan mutane suka ɗaure." Ta karɓi hular kwano ta haye bayansa. "Amma hadari ya haɗo, ga gangara. Ja mu je, ɗana. In ka taka, zai tsaya."