Baƙin Cikin Fensir

Mai gyaran fanka yana kan tsani a ɗakin binciken kimiyya, amma idonsa na kan wata mata. Farar rigarta ta yi mata yawa. Tana ɗaga kwalbar baƙin ruwa tana duba ta a haske. Anya 'ya'yanta na samun irin wannan kallo?

"Baiwar Allah, mene ne wannan?"

"Baƙin cikin fensir ne, Baba, a narkakken gishiri. Ɓare shi nake har ya koma falle ɗaya."

"Ayya! Allah ya yaye masa."

Sai da ya sauko ya gane: ba baƙin ciki take nufi ba, baƙin da ke cikin fensir ne! Shekara arba'in da fensir a kunne, yau shi ne da yi wa fensir jaje.