Zauren da Isuhu Ya Gina a Ƙarƙashin Gidan Bakin Teku

Shekara shida ke nan da teku ya shiga gidan abokina Alhaji Isuhu Ba'adare ya same shi a ciki. Masu karatu sun san ni da surutu, har ana cewa ko gawa na raka sai na ba masu ɗaukar makara dariya. Yau ma zan gwada, amma kada ku sa rai sosai.

Isuhu mutumin Tawa ne ta ƙasar Adar a Nijar, ni kuwa Bakano. Mun haɗu a titin Canal Street na birnin New York yana sayar da jakunkunan mata, ina tuƙa tasi. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Mount Hope, a wani bene mai tsawon da kafin ka kai ƙofarka ka manta abin da ya fitar da kai. Duk baƙon da ya sauko daga Nijar, ɗakinmu ake nuna masa. Akwai lokacin da idan za ka juya a barci sai ka nemi izinin mutum bakwai. Kullum Isuhu yana cewa, "Bakano, wanga ba zama ba ne. Mutum ba ya da zaure, ina mutuncinsa?"

Wata bazara ya kwashe mu zuwa ƙarshen layin jirgin ƙasa, inda birnin New York yake ƙarewa ruwa ya fara. Ya cire takalmi ya taka yashi, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ƙasar garinsu ce sak, an dai ƙara mata kogin da ba shi da tsallake. A garinsu wanda ke kusa da ruwa shi ne mai arziki, yashi kuma ba ya riƙe ruwa, ana ɗauke ruwan sama ya shanye. Da wannan sanin ya sayi ɗan gidan katako a unguwar, ya kawo matarsa Hajiya Zara'u da 'yarsu Nana.

Tarihin unguwar a bakin maƙwabciyarsa muka ji, wata tsohuwar Baturiya da kakanta yana cikin kafintocin da suka fara aiki a wurin. Ta ce da can fadama ce da ciyawa, sai wasu attajirai suka saye ta, suka zuba yashi, suka ja tituna a miƙe kamar haƙoran mataji, suka raɗa musu sunayen furanni. Nufinsu wurin hutu ne ga mutanen birni idan zafi ya matsa. Sun zana katafaren otal, da dandalin kiɗa, da doguwar hanyar katako ta yawon shan iska. Otal ɗin bai wuce harsashi ba. Ƙananan gidajen kuwa an gina su, ba abin ɗumama ɗaki, domin ba a yi su don kowa ya yi hunturu a ciki ba. Kuma kowane gida an ɗora shi kan ginshiƙai, an bar ƙasansa a buɗe. Ta ce kakanta ya sha faɗa cewa wannan hanyar ruwa ce, an bar masa don ya wuce idan ya tashi wucewa. Da masu hali suka samu mota suka gano wurare masu nisa, sai talakawa suka gaji gidajen, suna kwana a ciki rani da damina.

Isuhu ya saurare ta da ladabi, ya kai mata kilishi. Da ta shiga gida ya dube ni ya ce, "Gida da ƙafafu, ai rumbu ne. Ni gero ne?"

Ya kawo bulo ya zagaye ƙasan gidan, ya dama siminti ya shafe, ya shimfiɗa darduma. Zaure ya samu. Ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki da ɗaki haka ba. Duk Lahadi jirgin ƙasa yana cika da mu, 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da mu Kanawa, Hajiya tana sauke tukunyar da za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Baƙo ya sauka a zaure har ya samu aiki. 'Yan kasuwa suna ajiye kayansu a can, domin haya a birni ta fi ƙarfinsu. Har Isuhu ya fara zuga mutane su sayi gidajen kusa, a yi zango a bakin teku, ya ma nuna mana inda masallaci zai zauna. Ni ya ba ni sarautar Sarkin Ruwa, alhali ko a baho sai na riƙe gefe.

Da aka yi shelar babbar guguwar nan, hukuma ta ce kowa ya tashi. Ya sa Hajiya da Nana a motata. Na ce ya shigo. Ya ce kayan mutane amana ne, zai hau da su sama tukuna, kuma ai ya yi katanga. Ya buga ta da tafin hannu don in ji ƙarfinta.

Ba zan ce duk gidan da aka bar ƙasansa a buɗe ya tsira ba, wasu ma sun tafi. Amma na tsohuwar nan ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa ya wuce. A na Isuhu kuwa ruwan ya tarar da bango, ya tura shi ciki. A zauren aka sami gawar Isuhu. Rabin kayan mutane yana sama, a jere, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga unguwar yau. Gwamnati tana saye gidajen tana rushewa, don a mayar wa fadama wurinta. Titin da muke cika da hayaniya ciyawa ta kai ƙirji, allon sunan fure yana tsaye ba gida ko ɗaya a bayansa. Tsohuwar ta rasu. A layin nan saura Hajiya Zara'u kaɗai, a gidan da aka gyara mata, kuma damar sayarwar tana gab da rufewa. Duk lokacin da aka ce iska ta taso, Nana ba ta iya cin abinci. Ita ta kira ni, rabi da Hausa rabi da Turanci, ta ce, "Kawu, kai take ji. Ka je ka lallashe ta ta sayar."

Na je da barkwancina. Na ce, "Hajiya, kin zama hakimar agwagi. Haraji nawa suke biya?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zuba mini shayi ta ce, "Malam Sani, har yau a Tawa da Maraɗi wanga gida ake kwatanta wa mai tahowa. In na tashi, su sauka ina?"

A lokacin ma akwai wata mai kitso da ta zo daga Maraɗi, tana ɗakin Nana na da. Na kurɓi shayin. Can na ce, "To baƙuwar nan fa? In ruwa ya dawo, ita ma amana ce. Wa zai hau da ita sama?"

Ta ajiye butar shayin. Sannan ta ce a nemo mata gida a unguwar Soundview, kusa da Nana, amma mai ɗaki biyu, kuma a aika can gida Nijar a sanar da sabon kwatance kafin ta ɗaga ko cokali.

Waɗanda suka zana unguwar sun san ruwa, ba su yi niyyar zama ba. Isuhu ya zo da niyyar zama, bai san ruwa ba. Na auna abin da ya bari, ba zango, ba masallaci, gidan ma katafila tana jiransa. Abin da na samu kawai shi ne mutanen da suka fara kwana a ƙasar nan a kan dardumarsa, yau wasunsu suna da shago, kuma kowannensu akwai baƙo a falonsa.

Asabar mai zuwa zan kwashe kayan Hajiya. Mai kitson za ta zauna a baya da tukwane. Allah Ya jiƙan Isuhu, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi maƙwabta na gari.