Godiyar da Na Yi a Zaman Makoki

Ban san komai game da zaɓe ba sai da wata maƙwabciyata a Gusau ta saka ni cikin wani zauren mata na waya. Wata Hajiya ce take kula da shi. Yawancinmu karatunmu bai yi nisa ba, don haka saƙon murya ake turawa. Ina tuƙa tuwo ina saurare. A nan na fara jin cewa ƙuri'ata tawa ce, ko maigida ba zai ce mini ga wanda zan dangwala wa ba. Hajiya takan ce kada mu yarda a saye mu da atamfa da sabulu, mu tambayi ɗan takara abin da zai yi a kan hanya da asibiti.

Na ɗauki maganar da gaske. Saƙon da ya kama hankalina sai in tura wa ƙanwata a Bungudu, in na je ƙauyen su maigidana a Tsafe kuma in kunna wa matan gidan. Surukata, wadda muke kira Inna, ta yi ta yi mini dariya, wai ɗanta ya auro mata 'yar majalisa. Amma ita ma ta je ta karɓi katinta na zaɓe, ta ce saboda ni.

Maigidana hatsi yake saye a Tsafe ya kawo kasuwar Gusau. Zaɓe ya matso aka tare motarsu a hanya. Bai dawo da rai ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Bayan sadakar uku Inna ta koma ƙauye. Washegari Hajiya ta zo ta'aziyya tare da wasu mata, cikinsu har da matar wani ɗan takara, wadda ban taɓa gani ba. Sun kawo shinkafa. Ina zaune a kan tabarma, a lulluɓe. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san mai rashi ba ta zaɓen wanda za ta gode wa. Ko wadda kuka daɗe ba ku magana ce ta shigo ta ce ya haƙuri, amsar ɗaya ce. Na ce na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Matar ɗan takarar ta ce Alhajinta yana yi mini gaisuwa, na ce ina amsawa, Allah ya biya masa buƙatunsa. Na ga ɗaya daga cikinsu ta ɗaga waya, ban kawo komai a raina ba.

Ƙanwata ce ta kira ni daga Bungudu, tana tambaya yaushe na shiga siyasa. Ta turo mini wani bidiyo. Fuskata ce, idanuna a kumbure, hoton ɗan takarar a gefe, waƙar kamfe tana tashi a ƙasa. Wata murya tana cewa matan da aka kashe wa maza sun san mai share musu hawaye. Sai ga ni ina yi masa addu'a.

Na kira Hajiya. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi yara, sannan na faɗi abin da ya sa na kira.

"Haba ƙanwata, ai ba a ƙara miki ko kalma ɗaya ba," ta ce. "Kuma in ya ci, irinku zai fara dubawa."

Na roƙe ta a cire. Ta ce abin da ya shiga waya ba ya dawowa. Na naɗi muryata don in yi wa matan zauren bayani, sai na tarar an rufe, masu kula da shi kaɗai ke iya magana. Ga ni cikin takaba, ba halin in bi gida gida. Na tura wa ƙanwata saƙon, ta tura wa waɗanda ta sani. Bai yi nisa ba.

Da na fita takaba na tafi Tsafe. Kafin in isa na riga na ji abin da ake faɗa, wai na sayar da mutuwar mijina a kan buhun shinkafa. Matar ƙaninsa ce ta nuna wa Inna bidiyon. Ranar zaɓe kuma ba mace ɗaya a gidan da ta fita.

Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta labarin yadda aka yi, ban rage komai ba. Tana tsintar wake, ba ta katse ni ba.

"Na yarda ba ki sani ba," ta ce. "Amma mu ba mu san matar nan ba. Ke kika kawo muna muryarta cikin gida, kika ce mu saurare ta. In ke da kike tasu sun yi miki haka, mu mi za su yi muna?"

Sannan ta ce in zan zauna, in kashe wayar. Na kashe. Na taya su surfe, muka ci abinci, ta tambayi tarin ƙaramar 'yata. Kafin la'asar na yi shiri saboda hanya. Ta auno dawa ta ce in kai wa yara. Na yi mata sallama, ta amsa daga inda take zaune, ba ta tashi ta raka ni zaure ba.